Tsohuwar Marsandi mai ƙofa biyu ko Fijo 504: wacce za ta gyaru a tsakar gida a Garwa?

Duk wanda ya daɗe yana shiga unguwannin Garwa da Marwa da Ngaundare a arewacin Kamaru ya san akwai gidajen da in ka leƙa za ka hango tsohuwar mota a gindin darbejiya, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe gilashi, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Yawanci Marsandi ce ko Fijo mai ƙofa huɗu. Jefi-jefi kuma sai ka ci karo da mai ƙofa biyu, irin wadda manyan ma'aikata da attajiran shekarun 1980 suka shigo da ita don kwalisa. Maganar nan da wanda ya ga irinta ransa ya biya nake yin ta: mutumin da ke da ɗan abin hannunsa, yana da rumfa a gida da akwatin sifana, yana so ya saya ya tayar da ita da kansa a hankali, Asabar da Lahadi, ba tare da ya wargaza ta gaba ɗaya ba.

Motocin da ake zancensu ba su da yawa. Akwai Marsandi uku: ta zubin 123, wato 230CE da 280CE, ta zubin 124 da ake kira bi-but, wato 230CE da 300CE, sai babbarsu, SEC ta zubin 126. Akwai Fijo 504 mai ƙofa biyu, akwai BMW 635CSi, akwai kuma Jaguar XJ-S. A ganina, abin da zai yanke maka hukunci a nan arewa shi ne yawan 'yan'uwan da motar take da su a garejojin gari da wuraren da ake yanka tsofaffin motoci. Kyan fuska da ƙarfin inji a baya suke zuwa. Mota mai ƙofa biyu kashi biyu ce: inji da giya da birki da ƙafafu galibi iri ɗaya ne da na mai ƙofa huɗu, amma ƙofofi da gilasan gefe da robobin tagogi da ƙarafunan ado masu ƙyalli nata ne ita kaɗai. Kashi na farko bakanike da kuɗi suna maganinsa. Na biyu in ya lalace, sai ka zauna jiran kaya daga Turai.

Marsandi 123: wadda ta fi kowa dangi

An fito da zubin 123 a 1976, mai ƙofa biyu ta fito a 1977, aka daina ta a 1985. Zubin gaba ɗaya ya kai kusan miliyan 2.7, amma masu ƙofa biyu ba su cika 100,000 ba. Nan alherinta yake: da wuya ka ga irinta a titi, amma kayan cikinta sun cika Afirka, domin 'yar'uwarta mai ƙofa huɗu ta yi aikin tasi da na haya da na ofis a ko'ina. Bonet da fendar gaba da ƙafafu da birki da sitiyari duk na gida ne. Abin da aka yi mata shi ne an rage tsakanin tayoyin gaba da na baya da santimita 8.5, an sauke rufi, an kuma cire ginshiƙin da ke raba tagar gaba da ta baya. Shi ya sa in ka sauke gilasai duka, gefen motar ke buɗewa fayau, abin da ke jan hankalin mutane ke nan tun daga nesa.

Tsakanin 230CE da 280CE akwai zaɓi na gaske. 230CE ta zo a 1980 da inji mai silinda huɗu, M102, lita 2.3, ƙarfin doki 136. In ka buɗe bonet akwai sarari, hannunka na kaiwa ko'ina, kuma injin ya ci gaba da aiki a cikin bi-but da ƙaramar 190, saboda haka kayansa ba sa wuya. 280CE kuwa silinda shida ce, M110, lita 2.8, ƙarfin doki 177 da farko, daga baya 185. Ta fi daɗin ƙara, ta fi hawan tudun Ngaundare cikin izza, amma tana zuƙar mai, ta cika ɗakin inji, tana kuma son a riƙa daidaita mata bawul da hannu lokaci-lokaci. Ga mai gyara a gida, ni 230CE zan nuna masa, musamman mai giyar hannu, domin in batir ya mutu yaran unguwa ma sun isa su tura ta ta tashi.

Za ka tarar da wasu an cire musu injin fetur an dasa na gas daga 200D ko 240D. Kamfanin bai yi mai ƙofa biyu ta gas ba sai 300CD da ya tura Amurka da Kanada. Irin wannan dashe yana tafiya, ba ya kuma damuwa da man kwalba irin yadda injin fetur ke damuwa, sai dai motar ta zama wata aba daban, darajarta kuma ta sauka. Duba lambar cesis: 230CE tana farawa da 123.243, 280CE da 123.053. In lambar ta ce silinda shida ka ga huɗu a ciki, ka san abin da za ka faɗa wajen ciniki.

Dole in tsaya kan hanyar da waɗannan motoci ke shan mai, domin nan ne yawancin aikin gida ke mutuwa. Harafin E da ke jikin sunan yana nufin ba kafireta gare ta ba, allurar mai ce ta Bosch da ake kira K-Jetronic. Babu kwamfuta a cikinta. Famfon lantarki ne ke turo fetur da matsin kusan ba 5 zuwa wani kan ƙarfe mai rarraba mai, iskar da injin ke shaƙa tana motsa wani faifai, faifan yana ɗaga wani siririn ƙarfe da aka goge shi daidai da raminsa, shi kuma yana auna man da zai tafi kowace nozul. In man na da tsabta, abin yana shekaru ba a taɓa shi ba. In ruwa ko yashi ya shiga, ko motar ta daɗe a ajiye fetur ya zama danƙo, sai siririn ƙarfen nan ya maƙale. To mu kuwa nan ƙasar zuwa-zuwa ce, man kwalba da jarka da ake tsallakowa da shi daga Najeriya, wanda ba ka san hannu nawa ya bi ba. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ratar farashin ta ragu, hujjar zuba shi a irin wannan mota ta ƙara raunana. Wanda zai riƙe K-Jetronic ya ƙudurta cewa a gidan mai zai riƙa sha, kuma matacin mai ba abin yi wa rowa ba ne.

Bakanike da yawa, da zarar ta fara gardama, zai ce maka, "Alhaji, mu cire wannan tarkacen mu sa kafireta, ka huta." Kada ka yi saurin yarda. Sau da yawa laifin na tanki ne mai tsatsa, ko ragar da ke gindin tankin, ko famfo, ko wata 'yar tukunya kusa da famfon da ke riƙe matsin mai bayan an kashe inji. In ita ce ta mutu, motar za ta tashi lafiya da safe amma ta ƙi tashi bayan ka fito daga masallaci inji da zafi. Duk waɗannan mutum zai iya canza su a gida. Kan rarraba man ne kaɗai ba a buɗewa a kan tabarma cikin iska.

Bi-but mai ƙofa biyu

Ta zubin 124 ta fito a 1987. Ta fi 123 komai da ake aunawa: ta fi shiru, ta fi riƙe hanya saboda ƙafar bayanta mai hannuwa biyar a kowane gefe, ta fi sauƙin mai, na'urar sanyayarta ta fi ƙarfi, abin da ba ƙarami ba ne a garin da zafin Maris da Afrilu ke haura 40. Tayarta inci 15 ce, 195/65, girman da kowane mai taya a kasuwa yake da shi, alhali inci 14 na 123 sai an ɗan nema kafin a sami mai kyau. An kuma ƙera ta da yawa, sama da 140,000. 300CE tana da silinda shida, M103, ƙarfin doki 180 zuwa 188, inji mai haƙuri in ba a bar shi ya yi zafi ba, ko da yake ya yi suna da tsiyayar baƙin mai ta gaskit ɗin kai.

Abin da ta fi 123 da shi, shi ne kuma nauyinta a wuyan mai gyara. Hannuwan nan biyar kowanne da bushinsa, goma ke nan a baya kaɗai, kuma ramukan hanyar Mora zuwa Kusiri ba sa barin bushi. Allurar manta KE-Jetronic ce, wato an ƙara wa tsohuwar lantarki, da rile da na'urorin aune-aune da rewaya na gefen titi zai iya rikitawa. Babban gargaɗi kuwa shi ne shekara. Waɗanda aka ƙera daga wajajen 1992 zuwa 1996, irin su 320CE da E320, an yi musu wayoyin inji da rufin da aka tsara zai ruɓe bayan an jefar da mota, sai ya zama yana marmashewa tun motar na aiki, zafi kuma na gaggauta shi. A Garwa wannan ba zato ba ne. Ka ɗan lanƙwasa wayar da ke zuwa kan inji. In ka ga rufin na zuba, wayoyin gaba ɗaya za a canza. Wanda ke son bi-but ya nemi ta 1987 zuwa 1991.

Ga wanda ke so motar ta zama ta zuwa aiki kullum da kai yara makaranta, ita ce zaɓin hankali. Sai dai a idon mutane ba ta tsufa ba tukuna. Da yawa za su ɗauka bi-but ce kawai da aka manta ba a sa mata ƙofofin baya ba.

SEC, wadda kowa ke mafarki

A bikin baje kolin motoci na Frankfurt a 1981 aka nuna ta, 380SEC da 500SEC, daga 1985 aka sami 420 da 560, aka rufe a 1991 bayan an yi 74,060. Zanen ofishin Bruno Sacco ne, shugaban masu zana motocin Marsandi a lokacin, kuma har yau in ta tsaya a ƙofar gidan biki sai an waiwayo. Ka rufe ƙofa, wani ɗan hannu ya miƙo maka bel daga baya. 560SEC mafi ƙarfi ta kai doki 300.

Amma duba ta da ma'aunin da muka fara da shi. Dukkansu silinda takwas ne, dukkansu otomatik, alhali yawancin 126 masu ƙofa huɗu da suka shigo ƙasashenmu silinda shida ne, 280SE da 300SE. Ke nan ko injin ba shi da dangi sosai. Fuskarta ma daban ce: tauraron a tsakiyar hanci yake, bonet da fitilu nata ne. Injin na alminiyom ne, sarkar taiminsa doguwa ce tana bi ta kan wasu madogarai na roba mai tauri waɗanda ke bushewa da shekaru. Ranar da ɗaya ya karye sarka ta tsallake, bawul ya haɗu da fistin, gyaran zai iya fin kuɗin sayen motar. Canza su kafin hakan ta faru wajibi ne, ba kuma aikin ɗan koyo ba ne. 560 tana da ƙarin wahala, ƙafar baya mai ɗaga kanta da matsin mai. Ga gilashin baya da gefensa ke yin fari-fari, ga tsatsar da ke ɓoye a ƙarƙashinsa, ga kujerun lantarki da tagogi da rufi mai buɗewa, kowanne da ɗan injinsa da ƙurar hunturu ke shiga.

Sai lissafin aljihu. A Fabrairun 2024 litar fetur a gidan mai ta koma CFA 840, da wannan farashin zan yi lissafi. Garwa zuwa Ngaundare da dawowa kusan kilomita 560 ne. 230CE mai lafiya da ke shan wajen lita 11 a kilomita 100 za ta ci maka kimanin 52,000. 280CE a lita 14 ta kai 66,000. SEC a lita 16 ta kai 75,000, in ma ƙafarka ba ta da nauyi. Harajin mota na shekara, wanda tun 2017 ake biya tare da inshora, yana hawa ne da ƙarfin dokin da ke rubuce a takardar mota, silinda takwas kuwa a matakin sama take. Ban ce kada kowa ya saya ba. Wanda ke da wata motar hawa, da bakaniken da ya taɓa buɗe irin injin, da kuɗin da ba na cefane ba, Allah ya ba da sa'a. Amma ba ita ce motar farko ta mai koyon gyara a gida ba, kuma SEC mai araha ita ce ta fi kowace tsada. Araha ba ta ado.

Fijo 504: zuciya na so

Nan ne mutanenmu ke ruɗuwa, domin 504 tamu ce. An haɗa ta a Kaduna tun daga 1975 har shekaru talatin, ta yi jigilar fasinja daga Marwa zuwa Ngaundare, babu bakaniken da ya kai shekara hamsin da bai san cikinta ba. Sai mutum ya ɗauka mai ƙofa biyun ma haka take. To ba haka ba ne. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta ya kuma ƙera shi a wajen Turin, daga 1969 zuwa 1983, kuma ba su kai 30,000 ba. Babu fallen ƙarfe ɗaya na jikinta da ya yi daidai da na mai ƙofa huɗu: ba fenda, ba bonet, ba ƙofa, ba fitila, ba gilashi. Ƙarfen kuma ya yi suna wajen tsatsa. Ɗan acaɓa ya goge maka fitilar baya a kasuwa, ka shiga neman abin da ko a Faransa sai a wajen masu tara kayan tarihi.

Ta ɓangaren inji da sauƙi, amma da sharaɗi. Mai silinda huɗu, lita 2.0, dangin na gida ne, sai dai ta zo da allurar mai ta Kugelfischer, famfo mai kama da na injin gas wanda 'yan kaɗan ne suka iya saita shi. A nan kam in an mayar da ita kafireta irin ta 504 ɗin gida ban ga babban laifi ba, in dai an adana tsofaffin kayan a kwali. Mai silinda shida, lita 2.7, ta zo a 1974 da injin da Peugeot da Renault da Volvo suka yi tarayya a kai. Da irinta direban tsere ɗan Faransa Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya da na Bandama a Kodebuwa, duka a 1978, saboda haka ba a yi mata gorin hanyar Afirka. Amma kayan wannan injin ba sa nan kusa.

In ka sami mai silinda huɗu da jikinta cikakke, fitilu da gilasai da ado duk suna nan, saye ta, ta fi duk waɗanda na lissafa kyau a idona. In akwai abin da ya ɓace a jikin, bar ta.

BMW 635CSi, daga zubin da aka yi tsakanin 1976 da 1989, ta fi su daɗin tuƙi, injinta M30 mai silinda shida kuma ƙarfe ne. Raunin sa kan silinda da ke tsagewa in ya yi zafi, mu kuwa zafi ne abincinmu. Da yawa sun zo da ƙafafun Michelin TRX masu awon milimita 390, waɗanda babu tayar kasuwa da ke shiga, sai ka sayi wasu ƙafafun. Tsofaffin BMW kuma ba su taɓa yawa a arewa ba. Jaguar XJ-S mai silinda goma sha biyu a cunkushe cikin ɗakin inji mara iska, ko a Ingila tana fama da zafi. A kalle ta a hoto.

Ta gida ko ta jirgin ruwa

Shawarwarin Turawa kan waɗannan motoci kusan duk a kan tsatsa suke, saboda gishirin da suke zubawa a titi lokacin ƙanƙara. Motar da ta yi rayuwarta a Marwa ko Njamena sau da yawa ƙarfenta garau yake. Abin da ya mutu shi ne duk abin da rana ke ci: dashbod ya tsage, fatar kujeru ta bushe, katakon ado ya ɓare, robobi sun ƙage, ƙananan bututun iska da ke kulle ƙofofi da bayan kujerun 123 sun karye. Wadda aka sauke a Duwala ko Kwatano kuwa cikinta na sheƙi, amma sai ka kwanta ƙarƙashinta da tocila. A 123 ka duba ramukan jak guda huɗu, ƙarƙashin batir, bakin fenda, ramin sifiya a but, da ƙasan tabarmar direba. Ka tafi da ɗan maganaɗisu. Inda ya ƙi kamawa, foti ne aka shafe aka yi fenti. Ga kuma kuɗin duwan, wato kwastan, wanda ke ƙaruwa a kan tsofaffin motoci. Ni na fi son ta gida: mai kushin da mai roba sun fi mai walda sauƙin samu, kuma tsatsa ba ta cikin gyara mai sauƙi.

Na raka wani abokina ganin wata 280CE a Yelwa, a gidan wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin auduga. Dattijon na zaune a kujerarsa ya ce wa bakaniken da muka zo da shi, "Yaro, sa mata batir kawai, da ƙafarta ta shigo gidan nan." Bakaniken ya russuna ya ce, "Baba, a yi mini haƙuri, bari in ji tankin tukuna." Ya buɗe murfin, warin da ya fito na tsohon fenti ne, ba na fetur ba. Da an kunna ta, da famfo ya tura wannan danƙon har cikin kan rarraba mai. Ya cire fulogai shida, ya ɗiga baƙin mai a kowane rami, ya sa soket mai lamba 27 a notin gaban inji ya juya a hankali. Ya juyu, ba maƙalewa. A tukunyar matacin iska ya tarar da gidan zanzaro da ɓawon gyaɗa da ɓera ya tara, biyu daga wayoyin fitila an gwaguye su. Duk wannan bai dame shi ba. Abin da ya sa ya yi shiru shi ne tagar baya ta hagu: ba gilashi ba ne, roba ce mai haske aka yanka aka liƙa, ƙarfen adon da ke kewaye da ita kuma babu shi. Da abokina ya taya, dattijon ya ce albarka. Aka bar maganar a kan sai an fara samo gilashin.

Kafin kuɗi su fita, takardu. Yawancin waɗannan motoci na gado ne ko suna dab da zama na gado. Ka ga carte grise, wato takardar rajistar mota, da idonka, lambarta ta yi daidai da ta cesis, takardar sayarwa a buga mata hatimin hukuma, in mai ita ya rasu kuma magada su amince a gaban shaidu, kada ka gama fenti wani ɗa ya dawo daga Yawunde ya ce motar babansa ce. Mai lambar Najeriya ko ta Cadi, ka lissafa kuɗin duwan a cikin farashi.

Abin da za ka yi da hannunka

Tsarin aiki ɗaya ne ko wacce ka ɗauka, kuma fenti ne na ƙarshe, duk da cewa shi ne ran mutum ke fara so. Fara da tanki: sauke shi, wanke shi, canza raga da matacin mai da duk bututun roba. Sai sanyaya inji, wanda a nan ya fi komai. A wanke lagireto ko a sake masa ciki, a canza tiyo da fanbel, a gwada kulocin fanka: inji da zafi, in ka kashe shi fankar ta ci gaba da juyawa sakaka, ta mutu. Kada ka bari a cire tamostat da sunan ƙasarmu da zafi. A waɗannan injinan shi ne ke toshe gajeriyar hanyar ruwa in inji ya ɗumama. In babu shi, wani ruwan zai riƙa zagayawa bai bi ta lagireto ba. Ruwan rijiya zalla kuma yana cin kan silinda na alminiyom, a haɗa da ruwan lagireto na gwangwani. Bayan nan birki: sabon mai, sababbin tiyo, a warware fistin da ya maƙale. Sai bushi da shokazoba da tayoyi, domin tayar da ta shekara goma a rana ko zanenta bai goge ba ta gama. Na'urar sanyaya ta asali da iskar R12 take aiki, wadda aka daina. Sai an mayar da ita R134a, da sabon mai da sababbin robobi, aikin mai sana'ar ne.

Kayan inji da na ƙafa za a same su a Camp Yabassi a Duwala, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas, wani lokaci ma a Jimeta. Ka tafi da tsohon a hannu ko ka tura hotonsa da lambar da ke jiki, domin jabu sun yi yawa. Robobin tagogi da na ƙofa na mai ƙofa biyu kuwa ka yi odarsu tun ranar da ka sayi motar, ta hannun wani ɗan'uwa a Jamus ko Faransa. Tagar da ba ta da firam, roba ce kaɗai ke tsakaninta da ruwan Agusta da ƙurar Janairu. Fenti, in da hali, a yi shi a Oktoba ko farkon Nuwamba, damina ta ɗauke, hunturu bai sauko ba.

Wani abu da ba a faɗa: ƙofofin nan dogaye ne, a ƙunƙuntar rumfa ba za su buɗe ba, kuma ranar da Hajiya za ta shiga kujerar baya da lafaya za ka ji ra'ayinta game da motar. Gara a yi shawara da uwargida tun kafin a jawo ta gida.

Kuɗin da ka ware, rabi kawai za ka kai wajen saye, rabin ka riƙe don gyara. In rabin bai isa sayen mai cikakken jiki ba, ka ƙara jira. Mai son aikin hannu da motar da za ta tsufa tare da shi ya nemi 230CE ta zubin 123, mai giyar hannu, wadda ta zauna a arewa, gilasanta da adonta duk suna nan, ko da injin na hayaƙi. Mai son hawa kullum da sanyi ya nemi 230CE ko 300CE ta bi-but, 'yar kafin 1992. 280CE ta wanda kuɗin mai ba ya damunsa ce. Fijo sai an yi dace da cikakkiya, SEC kuwa a bar ta ta zama ta biyu, bayan hannu ya faɗa a kan ta farko.